Korau Maɗori a Gaɓar Zamharira

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya yi mata iyaka da teku, ya kuma ajiye wa kowace halitta abincinta a inda ya zaunar da ita. Ku gyara zama ku ba ni kunnuwanku, domin abin da zan faɗa muku ba a bakin wani na ji shi ba. Ƙafata ce ta taka, idona ne ya gani.

Sunana Korau ɗan Anaruwa, mutumin Tudun Marke. Ɗori na gada a gidanmu, kuma tun ina saurayi babu karayar da ta taɓa gagara ta, ko ta mutum ko ta jaki. Amma akwai ciwo guda da ba shi da ƙashin da zan kama, wato yunwa. Shekara biyu a jere damina ta yi mana gardama, har na ga ƙartin da na ɗora wa ƙafa suka warke sarai sun kasa miƙewa, saboda babu komai a cikinsu.

Ana cikin haka aka kawo mini wani falke mai suna Jatau, ya faɗo daga kan raƙumi ya karya hannu. Ina ɗaure masa hannun, shi kuwa yana surutu don ya manta da zafi. A cikin surutun ne ya ce, "Mai ɗori, can ƙarshen arewa, inda ƙasa ta ƙare teku ya fara, akwai wata dabba da ake kira beyar. Ta fi bijimi nauyi, tana tsayawa da ƙafa biyu kamar mutum. Idan sanyi ya shigo sai ta shiga rami ta yi wata shida tana barci, ba ci ba sha, ta fito da ranta."

Na tsaya da ɗaurin na dube shi. Na ce a raina, dabbar da ke wata shida ba ta ci, lalle akwai wata saiwa ko ganye da take haɗiya kafin ta kwanta. In na samo wannan saiwar, yunwa ta gama kashe mutum a Tudun Marke. Ban yi shawara da kowa ba sai mahaifiyata. Ta sa mini albarka, ta cusa mini curin daddawa uku a jaka, ta ce ko'ina na je kada in sha miya salam.

Na ratsa hamada tare da ayarin gishiri. Na wuce wani birni da aka gina a kan gadoji, wanda mutanensa ke zuwa kasuwa a kwalekwale. Na shiga jirgin ruwa na yi wata huɗu ina yi wa matuƙansa ɗori da gyaran targaɗe, a bakinsu kuma na koyi harshen mutanen arewa. Bayan wata goma sha ɗaya da barin gida aka sauke ni a wata 'yar tasha mai suna Kuluma, ƙauye na ƙarshe kafin Gaɓar Zamharira, inda beyar ke zaune.

A Kuluma aka gaya mini babu baƙon da ke shiga gaɓar sai da jagora, kuma duk cikin jagorori babu kamar wata tsohuwa mai suna Tulma. Na same ta a bakin ruwa tana shafa wa kwalekwalenta kitse. Kwalekwalen na fata ne, an ɗinka a kan ƙashin itace. Ita kuwa 'yar gajeruwa ce, busasshiya, rabin kunnenta na hagu babu.

Na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Inna, so nake ki kai ni in ga beyar."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kashewa ka zo yi ko kallo?"

"Koyo na zo yi."

"To, ba a taɓa ba ni wannan amsar ba," in ji ta. "Kaka ta kusa, baƙi duk sun koma, amma zan kai ka. Saurara da kyau, ɗan Kudu. Kome ka gani, kada ka gudu. Kada ka shiga tsakanin uwa da 'ya'yanta. Abin da ya fi duka kuwa, duk abin da ke da ƙanshi ko wari ka miƙo mini shi in rataye a inda na sani. Hancinsu yana jin abin da ke bayan dutse."

Na miƙa mata guzurina duka. Amma daddawar, wadda saura curi ɗaya ya rage mini, na ƙi fito da ita. Na ga irin abincin mutanen nan, kifi da ruwan zafi, ko gishirin kirki babu. Da ta juya baya sai na tura curin can cikin hancin kwalekwale, ƙarƙashin fata.

Kwana uku muna tuƙi a gefen gaɓa. Na ce kwana ne don sabo, amma a ƙasar nan a wannan lokaci rana ba ta faɗuwa. Takan sauko ta taɓa bakin teku kamar mai gwada zafin ruwa da yatsa, sai ta fasa ta sake hawa. Da cikar teku da janyewarsa na riƙa ƙiyasta lokutan salla. A rana ta biyu wani kifi mai girman soro ya taso kusa da mu, ya feso ruwa ta tsakar kansa, ya nutse. Na kama kwalekwale da hannu biyu ina salati, Tulma kuwa ko filafilinta ba ta tsayar ba.

Muka sauka a bakin wani kogi mai sanyi, wanda dogayen itatuwa masu ganye kamar allura suka kewaye. Tulma ta kafa tantin fata a kan tudu, ta kai abinci can nesa ta rataye a reshe, murhu ma ta yi shi a wani wuri dabam. Sannan ta ja ni muka hau wani falalen dutse da ke kallon inda kogin ke zubowa daga sama, ta ce in zauna in kama bakina.

Jama'a, abin da na gani! Jajayen kifaye ne dubbai suka taso daga teku suna hawan kogin, suna tsalle suna neman haye ruwan da ke zubowa. A bakin wurin kuma ga beyar har goma sha ɗaya, kowace da wurin tsayuwarta. Wata takan buɗe baki kawai kifi ya faɗo ciki. Wata takan nutsa kai cikin ruwa tana lalube. Akwai wani ƙaton namiji mai tabo daga ido zuwa hanci, wanda idan ya doso sai kowa ya ba shi wuri. Tulma tana kiransa Mai Tabo. Akwai kuma wata jar uwa da 'ya'yanta biyu, waɗanda ke zama a kan dutse suna jira ta kawo musu, suna dambe da juna kamar yaran unguwa. Tsakaninmu da su bai fi taku arba'in ba. Sun san muna nan, sukan ɗago su dube mu, su koma kan kifinsu.

Kwana tara ina wannan kallo, idona a kan abu guda. A rana ta tara na ga jar uwar ta bar kogi ta shiga fadama, ta tona ƙasa ta ciro wata farar saiwa ta tauna. Tana barin wurin na je na tono irinta, na wanke na cinye guda biyu.

Ba zan ɓoye muku ba, yinin ranar a bayan duwatsu na yi shi, ina zuwa ina dawowa. Da na samu kaina na zauna na gaya wa Tulma abin da ya kawo ni ƙasarsu tun daga farko. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta ga fuskata ta daina.

Ta ce, "Ɗana, da ka tambaye ni tun a Kuluma da na hutar da hanjinka. Wannan saiwar wankin ciki take yi musu. Babu wani magani. Ka ga yadda suke cin kifin nan ba dare ba rana? Abincin wata shida suke tarawa a ƙarƙashin fatarsu. Su jikinsu ne rumbunsu."

Wata goma sha ɗaya na tafiya, ga abin da na samu. Ban gama haɗiye wannan ba sai muka ji wata ƙara daga bakin ruwa, kamar ana yaga ƙyalle. Muka leƙa. Wani matashin beyar ne ya hau kwalekwalenmu, ya sa farata ya farke shi tun daga hanci har tsakiya, ya tura kansa ciki. Ya fito yana lasar baki, ya yi atishawa sau biyu, ya yi tafiyarsa.

Tulma ta gangara ta duba ɓarnar. Ta sunkuya ta shinshina, ta ɗago a hankali. Ban jira ta tambaya ba.

Na ce, "Inna, laifina ne. Kayan miya ne na garinmu na ɓoye a ciki."

Ta daɗe tana dubana, har na gwammace ta mare ni. Can ta ce, "Shekara talatin da ɗaya ina kawo baƙi nan, ban taɓa komawa da ƙafa ba. Tafiyar kwana uku a ruwa, kwana tara ce a ƙasa. Kifi kuma ya kusa ƙarewa. Ranar da ya ƙare, masu gaɓar nan za su daina kawar da kai daga gare mu. Naɗe tantin."

Muka ɗauki tanti da tukunya da filafili ɗaya, muka bi gaɓa. Tana gaba ina baya, tana tafe tana 'yar waƙa da ƙarfi don kada mu yi wa wata dabba ba-zata a cikin ciyawa. Kwana uku ba ta ce mini komai ba sai "taka nan" da "tsaya". A rana ta huɗu muna tsallaka wasu duwatsu masu gansakuka, ƙafarta ta zame ta faɗa tsakanin biyu. Na ji ƙarar tun kafin ta yi ihu, kuma na san wannan ƙarar kamar yadda na san sunana.

Na ciro ta na kwantar. Ƙashin ƙwauri ne ya karye gida biyu. Gumi ya rufe mata fuska, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

Ta ce, "Ka bar mini tukunya da tanti. Ka bi teku, ka sa shi a hannun damanka, kwana biyar za ka ga hayaƙin masunta. In sun zo sun same ni, to. In ba su same ni ba, dama a nan na so in ƙare."

Na ce, "Inna, a kan beyar da teku ke ce malama, ban ƙara yi miki musu. Amma wannan ƙafar ta shigo unguwarmu. Ciji wannan."

Na ba ta bakin ɗamarata ta ciza. Na yi bisimilla, na ja ƙafar na murza, ƙashi ya koma mazauninsa, ita kuwa ta suma. Na fasa sandar tanti gida huɗu na jera, na yage rawanina na ɗaure tam. Da ta farfaɗo ta shafa ɗaurin da hannu, ta dubi ƙafar ta ga ta miƙe daidai da 'yar'uwarta.

"Ashe kana da amfani," in ji ta.

Na goya ta a baya da fatar tanti, kamar yadda matan garinmu ke goyo. Ba ta fi buhun gero nauyi ba. Daga nan ita ce ido, ni ne ƙafa. Takan ce, "Wancan kashin sabo ne, mu bi ta ƙasa," ko ta ce, "Iska ta juya, ɗaga murya." Da waƙoƙinta suka ƙare na shiga yi mata na noma da na daka, har ta fara karɓa mini amshi ba tare da ta san ma'anarsu ba.

A rana ta bakwai muka iso wani wuri da ake kira Bakin Kogi Uku. Fili ne na laka, faɗinsa tafiyar rabin yini, wanda teku ke rufewa idan ya cika, ya buɗe idan ya janye. Babu wata hanya sai ta cikinsa. Muka jira ruwa ya ja baya muka shiga. Laka tana kama ni har idon sawu, ina cirewa ina sake takawa.

Mun wuce tsakiya kenan Tulma ta damƙi kafaɗata. "Tsaya."

Jar uwar nan ce ta fito daga bakin daji a guje, 'ya'yanta biyu na biye, kuma kanmu ta nufo kai tsaye. Ƙafafuna suka ce in gudu, na ce musu ba inda za mu. Ta zo ta wuce ta gefenmu har na ji warin gashinta, ta zagaya bayanmu ta tsaya, ta tura 'ya'yan ƙarƙashin cikinta.

Na ce, "Inna, me take nufi?"

"Garkuwa ta yi da mu. Dubi gabanka."

Mai Tabo ne. Kifi ya ƙare masa, ya biyo 'ya'yan zai cinye. Uwar ta san manyan maza ba sa son kusantar mutum, shi ya sa ta sa mu a tsakani. Ya taho a hankali, kansa a ƙasa, yana kaɗa shi hagu da dama, haƙoransa na ƙwanƙwasa juna. A bayanmu uwa da 'ya'ya, a gabanmu shi, daga gefen dama kuma na hango farin layin teku ya juyo.

Tulma ta ce a kunnena, "Yunwa ta cire masa kunya. Ba ya ja da baya sai ga wanda ya fi shi tsawo, mu kuwa ko ƙirjinsa ba mu kai ba."

Na ce, "Ɗaya-ɗaya ne ba mu kai ba. Riƙe filafilin da kyau."

Na durƙusa na kwance goyon, na sa kaina tsakanin cinyoyinta, na miƙe da ita a wuyana. Ta gane nan take. Ta rataya fatar tanti a kan filafilin ta ɗaga shi sama a gicciye iyakar tsawon hannunta, fatar ta sauko ta rufe mu duka biyu, sai ɗan wurin da nake leƙe. Muka zama halitta guda, baƙa, mai fiffike, wadda ba a taɓa gani ba a Gaɓar Zamharira. Na ciro tukunya daga ƙugu na shiga dukanta da dutsen ƙyastu, na buɗe murya da kirarin gidanmu: "Korau na Anaruwa, mai mai da ƙashi gidansa! Hannu mai sanyi, zuciya ta ƙarfe!" Tulma kuma daga sama tana zuba masa zagi da harshensu, irin wanda matuƙan jirgi ba su koya mini ba.

Mai Tabo ya tsaya. Ya miƙe da ƙafa biyu don ya auna mu, inuwarsa ta faɗo har kan ƙafafuna. Ya ɗaga hanci sama, ya ga har yanzu akwai sauranmu a bisansa.

"Taku ɗaya gaba," in ji Tulma. "Ɗaya tak."

Na ciro ƙafa daga laka na taka. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba, ni dai na ji ruwa mai sanyi ya lashi dugadugaina. Can ya sauko da ƙafafunsa na gaba, ya juya mana gefe, ya yi wata doguwar hamma kamar dama ba mu ne a gabansa ba. Ya shinshini laka, ya juya ya nufi daji, yana tafiyar isa don kada a ce gudu ya yi.

"Yanzu kam gudu ya halatta," in ji Tulma. "Teku ba ya tsoron tsawo."

Na jefar da tukunya na sa ƙarfi. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Na riƙe karyayyar ƙafar sama da hannu ɗaya don kada ɗaurin ya jiƙe. A gefenmu jar uwar na iyo, 'ya'yan sun maƙale a bayanta, ko kallonmu ba ta yi ba. Da ruwa ya taɓa haɓata yatsun ƙafata suka ji tsakuwa. Na rarrafa na fita, na sauke tsohuwa a kan ciyawa, na kwanta rub da ciki ina aman ruwan gishiri. Da na ɗago na ga tana duba ɗaurin. Ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Kwana biyu bayan haka muka ga hayaƙin masunta, suka kai mu Kuluma a jirginsu. Kafin wani jirgi ya zo teku ya daskare, dole na ci sanyin shekarar a gidan Tulma. Ban zauna banza ba. Na ɗinka mata sabon kwalekwale da hannuna, ta sa na warware shi sau biyu kafin ta yarda. Na koyi yadda suke haƙa rami su jera abinci ya shekara uku bai lalace ba, da yadda ƙauyen ke ware kashi ɗaya cikin biyar na kowane kamu a ajiye wa kowa da kowa. Su kuma suka kawo mini duk wani gurgu da ke ƙasar.

Wata safiya, da sanyi ya fara sassautawa, Tulma ta ce in sa takalmi in biyo ta. Tana tafe a gabana a kan dusar ƙanƙara, ba sanda, ba ɗingishi. Muka hau wani tudu, ta tsaya ta nuna mini wani ɗan rami a cikin ƙanƙarar, bai fi bakin tulu ba, tururi na fitowa daga ciki kaɗan-kaɗan.

Ta ce da raɗa, "Ka yi tafiyar shekara don wannan. Kwanta ka sa kunne."

Na kwanta. Da farko ban ji komai ba. Sai ga wani numfashi mai nauyi ya taso daga ƙarƙashin ƙasa, ya sauka. Na yi ta jira har na zaci ya tsaya ke nan, sannan wani ya biyo. A tsakanin numfashin biyu kuma na ji wani ɗan ƙaramin kuka, siriri, kamar na jaririn kyanwa, da ƙarar tsotso.

Na ɗago na dubi Tulma. Ta gyaɗa kai. "Wata beyar ce a ciki, tana barci ta haihu. Wata huɗu rabonta da abinci, ga shi tana shayarwa."

Na mai da kunnena, hawaye na daskarewa a kumatuna, ban ko share ba. Sai da ta ja mini riga.

"Tashi haka nan, ɗan Kudu. Mai jego ba ta son baƙi."

Na ce, "Inna, a garinmu ba a zuwa barka hannu sake. Ko ɗan busasshen kifi in ajiye mata a bakin ƙofa."

Ta ce, "Ajiye ka gani. Da hannuna zan karya maka ƙafa, kuma duk ƙasar nan babu maɗori sai kai."

Na mai da kifin aljihu, muka gangaro.

Nan zan dasa aya. Abin da na faɗa daidai, baiwar Allah ce. Abin da na manta, yana can Gaɓar Zamharira, ƙanƙara ta rufe shi.